Baffa Mai Sauraron Bututu

Na Allah ne mu duka, kuma Baffa ya riga mu komawa gare Shi ranar wata Talata da hantsi, da sifana a hannunsa. Kwana uku aka yi ana zaman makoki a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Dumi, kuma a kwana ukun nan ban iya cika minti goma a kan tabarma ɗaya ba. In na zauna sai in tuna ba a kawo ruwa ba, in tashi. In na kawo ruwan sai in ga takalman mutane sun tare lungu, in shiga jera su kamar wanda aka ɗauka aiki. Sau biyu Liman yana kama gefen rigata yana cewa in zauna, ni ne ɗa, ni ake zuwa yi wa gaisuwa. Sai in zauna, in amsa "ya haƙuri" biyar ko shida, in sake miƙewa.

Maganganun masu gaisuwar ne suke tsikarata. Kamar sun haɗa baki, kowa da abu biyu yake zuwa. Na farko gaisuwar Baffa. Telan bakin lungu ya ce shekara guda ke nan marigayin bai taɓa wuce shagonsa ba sai ya tsaya, ya dafa ƙyaure, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Mai shayi ya ce shi ma haka. Maƙeri ya share ido da hularsa ya ce ashe bankwana bawan Allah yake yi musu ba su sani ba. Na biyu kuma, kowa sai ya girgiza kai ya ce mutumin da likita ya wanke tas, mutumin da aka toya masa ta sadaka aka ci don samun lafiyarsa. Wani tsoho da suke noma tare a Zungur ya ce shi dama bai taɓa yarda da na'urorin nan ba, ga shi an auna an ce ƙalau, ajali ya zo ya ƙaryata su.

Ajali gaskiya ne, ban taɓa musun sa ba. Amma ni na san abin da ya sa Baffa yake dafa ƙyauren tela, na kuma san wanda ya wanke shi, ba likita ba ne.

A rana ta biyu Sista ta fito daga wajen mata. Maƙwabciyarmu ce, Kirista daga kudancin jihar nan, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, tana da wani gyale da take ajiyewa musamman don shiga gidajen makoki irin namu. Ta yafito ni zuwa gindin falwaya, ta yi mini gaisuwa, sannan ta rage murya.

"Inna ta ce mini jini ya yi kyau. To hoton zuciya ɗin fa, Malam, kun kai shi?"

Na ce ba mu kai shi ba. Ta dube ni kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gyara gyalenta ta ce Allah Ya ji ƙansa, ta wuce. Na koma na ci gaba da jera takalma.

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne ɗan farin Baba, kuma a gidanmu ɗan fari ba na ubansa ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni sashen Baffa da matarsa Inna, katanga ɗaya ce tsakaninmu da sashen iyayena. Yau shekarata arba'in da 'yan kai, Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ya ce mini ci kanka ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da muka gada, ni ma ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In yana son wani abu daga gare ni, ko ina tsugune a gabansa, sai ya juya wajen Baffa ya ce, "Yaya, a gaya wa yaron nan kaza." Baffa kuma sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar sanƙira, ya maimaita mini saƙon, ya ƙara nasa gishirin. Na tuna wata rana ina saurayi: "Ubanka ya ce ka aske wannan sumar. Ni kuma na ce hassada ce, tasa ta ƙare." Baba ya sunkuyar da kai yana ɗinkin fatarsa, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Aikin ruwa Baffa ya yi har ya aje, daga nan ya zama mai gyaran famfon unguwa baki ɗaya. Yana da wata sandar ƙarfe da ta kai masa ƙirji, an sa mata katako a kai mai kamar bakin ludayi. Sai ya kafa tsininta a ƙasa, ya ɗora kunne a kan katakon, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga wa jama'a hannu su yi shiru. Masu babur ma kashe inji suke yi. Ya matsa taku uku ya sake kafawa, ya matsa ya sake, sai ya zana da ƙafa ya ce a nan za a haƙa. Ba ya ƙaunar masu ganin jiƙaƙƙen wuri su hau shi da diga. Yakan ce damshi yana gaya maka akwai yoyo, amma ba ya gaya maka inda yake, domin ruwa yakan yi tafiya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya nuna fuska. In kuma mai gida ya ce ai ƙasarsa a bushe take, sai ya ce bushewar ƙasa ba shaida ba ce.

A zaure yana ajiye wani guntun tsohon bututu da ya yanko a wani gida. Daga waje lafiya lau, amma in ka leƙa ciki tsatsa ta cinye hanyar, saura wata 'yar kafa da fensir ma da ƙyar zai shiga. Duk wanda ya zo yana gardama cewa famfonsa na kawo ruwa garau, don me za a canza masa bututu, sai Baffa ya miƙa masa guntun nan ya ce ya leƙa. "Wannan ma garau yake kawowa har ranar da ya daina," haka yake cewa, ya karɓe kayansa ya mayar lungu.

Wani hali nasa da ya fi ba Inna haushi shi ne ba ya taɓa ce wa mutum ya yi kuskure. In miya ba gishiri, sai ya ce, "Sake ɗanɗanawa." In magini ya karkatar da gini, "Sake dubawa." In Liman ya tsallake aya, wasu su yi ta rige-rigen gyara masa, Baffa tari ɗaya yake yi ya jira. Inna takan ce da ya fito fili ya zage ta da ya fi mata sauƙi, don wannan "sake" ɗin nasa sai ya sa mutum ya yini yana zargin kansa. Shi kuwa ya ce wanda ya gano kuskurensa da kansa ba ya sake yin sa, wanda aka nuna masa kuwa haushin mai nunawar kawai yake riƙewa.

Sau ɗaya tak na san sun yi faɗa da Baba, kuma a kaina ne. Da na gama firamare Baba ya so in zauna a rumfar dukanci in gaji sana'arsa. Da yake ba shi da bakin magana a kaina, sai ya aiko Goggo, ƙanwarsu, ta faɗa. Baffa ya tashi tsaye, abin da ba ya yi, ya ce gida mai mutum ashirin, in takarda ta zo sai an fita da ita titi a nemi mai karantawa, a tona wa kai asiri a gaban baƙo, shi ba zai mutu ya bar gidan haka ba. Damina guda ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Baffa ya yi nasara, na yi karatu har na zama malamin sakandare, na kama haya a Ɗan Iya da iyalina. Tun daga lokacin duk takardar da ta shigo gidanmu, ta kotu ce, ta asibiti ce, ta fansho ce, sai a ajiye ta a ƙarƙashin buzun Baffa har in zo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan sarautar. Nakan sa tabarau in yi shiru fiye da yadda ake bukata, gida duka yana kallon bakina.

Sista ma ta hanyar ruwa ta zama tamu. Lokacin da ta tare a unguwar da 'ya'yanta, mijinta ya rasu, gidan da ta kama famfonsa ya shekara bai ɗiga ba, ita kuma ba ta san kowa ba balle ta shiga gida ta roƙi guga. Ba wanda ya kira Baffa. Ya ga 'ya'yanta da jarkoki suna dawowa daga nesa, washegari ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kwana uku yana haƙa, da azumi a bakinsa, har ruwa ya zo. Ta rasa abin da za ta yi masa, sai ta ɗora wa kanta auna masa hawan jini duk ƙarshen wata, yana so ko ba ya so. Yakan miƙa mata hannu yana kallon gefe yana cewa ta matse a hankali, hannun na aro ne.

Ita ce ta tayar da maganar asibiti bara. Inna ta gaya mata cewa in ya fito daga rami sai gumi ya karyo masa, ya riƙa murza ƙirji da dantsen hagu, ya ce olsa ce. Sista ta ce ba ta yarda da wannan olsar ba. Ni na kai shi. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, bayan kwana biyu muka koma da sakamako. Likitan, mutum ne mai haƙuri, ya juyo mana takardar ya nuna wata lamba da ta haura. Ya kira ta da wasu haruffa uku na Turanci, ya ce tana tashi ne in akwai kumburi a wani wuri cikin jiki. Ya ce mutumin da kitse ya fara taruwa a jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini, bangon jijiyoyin yakan kumbura, lambar ta iya hawa. Amma ruɓaɓɓen haƙori ma yana ɗaga ta, zazzaɓi yana ɗaga ta, ko gyambo a ƙafa. Ba ta faɗin wuri. Abin da zai nuna wuri shi ne hoton jijiyoyin zuciyar, wanda ake yi wa mutum allurar wani ruwa da ke haska su, kuma na'urar ba su da ita, sai an je Kano.

Ina ta kaɗa kai irin na masu boko, amma Baffa ne ya riga ni ganewa. Ya ce, "Likita, wato jinin nan damshi ne, hoton kuma shi ne haƙa."

Likita ya yi dariya har ya aje biro, ya ce daga yau da wannan zai riƙa yi wa mutane bayani. Ya leƙa bakin Baffa ya ga wani haƙori da ya daɗe yana ɓoyewa, ya ce a cire shi. Ya rubuta magunguna, ya rubuta wasiƙar Kano, ya ce bayan 'yan makonni a sake gwajin jinin a kawo masa. Sannan ya dube ni, ni mai tabarau, ya ce ko lambar ta sauka ko ba ta sauka ba, ciwon ƙirjin nan yana bukatar hoto. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Aka cire haƙori, aka sha magani, aka sake ba da jini. Ranar wata Alhamis na saci jiki daga tsaron jarrabawa na je na karɓo takarda ta biyu. Na leƙa ƙofar likita na ga layi har ya karya kwana. Na buɗe takardar a tsaye. A gefen lambar sun rubuta iyakar da ta kamata ta tsaya, na ga ta sauko ta shige ciki ta zauna. Sai na ninke ta na tare keke zuwa Ƙofar Dumi. Na sha ba kaina dalilai: ga takardun jarrabawa jibge, ga bikin autar Baffa ya matso, ga Kano ba nan kusa ba. Duk gaskiya ne, amma ba su ne ba. Tsoro nake ji. Ba na son wata na'ura ta leƙa cikin Baffa ta nuna mini irin abin da ke cikin guntun bututun nan na zaure. Lambar ta ba ni mafaka, na shige da gudu.

Na same su a tsakar gida. Baffa yana wanke ƙafa, Inna tana bakin madafa, Baba yana daga can gefe yana jiƙa fata. Na sa tabarau, na yi shirun nan nawa, sannan na ɗaga murya na ce jini ya dawo daidai, lamba ta sauka. Inna ta aje muciya ta ɗaga hannu sama. Baffa bai daina zuba ruwa a ƙafarsa ba.

"Sake dubawa," in ji shi.

Na sake dubawa, amma lambar kawai na duba. Har na matsa na nuna masa da yatsa, ga inda take da, ga inda take yanzu, ina bayani kamar a gaban 'yan aji ɗaya. Ya tambaye ni hoton fa. Na ce tunda jini ya yi kyau ai ba gaggawa, a bari sai bayan biki. Ya dube ni da ido ɗaya a rufe, yadda yake yi in ya ɗora kunne a kan sanda, sannan ya ce, "To, Malam ya faɗa."

Kafin in bar gidan Inna ta jiƙa shinkafa. Washegari Juma'a, tun da sassafe tanda uku ke aiki a tsakar gida, aka yi masa ta sadakar godiya, faranti-faranti har gidan Liman, har shagon tela, har gidan Sista. Mutane suka yi ta shigowa barka da arziki. To bayan unguwa ta ci masar warkewarka, da wane baki za ka ce gobe za a kai ka Kano a duba zuciya? Bayan biki ya zama bayan shuka, bayan shuka ya zama bayan girbi. Magunguna suka ƙare ba a sake sayowa ba, don wanda ya warke ba ya shan magani. A lokacin ne Baffa ya fara doguwar gaisuwa a lungu. Na gani sarai. Na ga yadda yake dafa ƙyaure, yana tambayar lafiyar awaki yana jiran ƙirjinsa ya sake shi. Duk ranar da na gani sai in ce mako mai zuwa zan tayar da maganar, in koma Ɗan Iya in kasa cin abinci.

Ranar Talatar, famfon alwala na masallacinmu ne yake yoyo. Ya tsuguna ya ɗaure shi, ya ce wa Ladan ya buɗe. Ruwa ya zo, ba ɗigo ko ɗaya a gefe. Sai ya zauna a ƙasa ya jingina kansa da bango, kunnensa a manne da siminti. Ladan ya ce ya daɗe a tsaye bai yi motsi ba, har yana hana masu wucewa magana, a zatonsa Baffa yana sauraron bututu ne.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye sirrina na mutu da shi, a ci gaba da zagin na'ura. Amma ranar sadakar uku, muna tafiya masallaci, ina bayan Baba da 'yar tazara kamar kullum, sai na ga ya tsaya a shagon tela. Baba, mutumin da gaisuwarsa ɗaga hannu ce ya wuce. Ya dafa ƙyauren nan, daidai inda hannun Baffa ya sa katakon ya yi santsi, ya shiga tambayar mutanen gida. Ya wuce, ya sake tsayawa a wurin mai shayi. Na ga babban yatsansa yana danna ƙirji ta ƙarƙashin riga. Na tsaya a tsakiyar lungu har wani mai babur ya yi mini tsawa.

Na sami Goggo na tambaye ta. Ta ce tun Sallar da ta wuce yake haka, ta yi magana har ta gaji. Jiya ma ta sake yi masa, ya ce mata Yaya ya je an auna shi an ce ƙalau, an ci masa, ya faɗi a gindin famfo, to shi me zai je nema? Ta ce in ina da saƙo in ba ta ta kai. Saƙon da zai tayar da Baba zuwa asibiti guda ɗaya ne, kuma ba irin wanda ake ba ɗan aike ba ne. Mutumin da ya saba ɗaukar magana daga bakina ya kai kunnen Baba, mun binne shi.

Kwana uku ina yawo da abin. Na koma makaranta na rubuta darasin aji uku a allon aji ɗaya. Na hau keke zuwa Ƙofar Dumi, muna isowa na ce a juya da ni. A ƙarshe na je wurin Sista, don ita kaɗai ce ta yi mini tambayar da ta dace. Ta ba ni kujera, ta shiga ɗaki ta fito da wata leda. Takardun jinin ne guda biyu da wasiƙar Kano. Ta ce kwana biyu bayan sadakar masar nan Baffa ya kawo mata su ya ce ta duba. Ta tuna masa abin da likita ya gaya mana, ta ce haƙorin da aka cire ne ya sauke lambar, zuciya kuwa ba wanda ya gan ta tukuna. Ta ce har ta ɗauki jaka za ta zo Ɗan Iya ta same ni, ya hana ta.

"Ya ce mini, na sani, Sista. Yaron ya gani, tsoro ya ji. Ni na naɗa shi mai karatun gidan nan, in na tsallake shi na tafi, na tsige shi a gaban ubansa. Ki bar shi, zai sake dubawa."

Ta ce ta yi masa faɗa, ta sake yi, ya riƙa mayar da abin wasa yana miƙa mata hannun aro. Ya bar takardun a wurinta ya ce ranar da na zo nema ta ba ni. Tana faɗa tana kuka, tana cewa da ta sani da ta karya maganarsa.

Ban yi kuka ba a lokacin, haushi ne ya kama ni. Na ji haushin Baffa kamar in je in tashe shi. Wannan wace irin kara ce, mutum ya zauna yana jiran ɗalibi ya gano kuskurensa, alhali abin da aka yi kuskuren a kai ƙirjinsa ne? Miya ce da za a sake ɗanɗanawa? Da ya daka mini tsawa sau ɗaya a rayuwarsa, da ya kira ni sakarai a gaban Baba da Inna da unguwa duka, da na gode masa. Daga baya na yi tunanin wataƙila shi ma tsoron yake ji, ya fi kowa sanin abin da ake tararwa in an haƙa, sai ya laɓe a bayana kamar yadda na laɓe a bayan lamba. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne shekara guda yana jirana, ni kuma ina wuce shi a lungu ina gaishe shi.

Ranar bakwai bayan la'asar, baƙi sun watse, na shiga zaure. Baba yana zaune shi kaɗai a wurinsa yana ɗinkin wani takalmi. Buzun Baffa yana shimfiɗe inda yake, ba wanda ya yi ƙarfin halin naɗe shi, sandar tana jingine a lungu. A al'ada sai in rusuna in gaishe shi in shige ciki. Sai na tsuguna ban tashi ba. Na ɗauko guntun bututun na ajiye a gabansa, na jera takardun uku a gefe. Ban iya kallonsa ba, takalmin na kalla.

"Baba, likita bai wanke Baffa ba. Ni na wanke shi."

Na faɗa masa duka, da layin da na gani na gudu, da abin da likita ya ce ko ta sauka ko ba ta sauka ba, da haƙorin, da "sake dubawa" da aka ce mini na duba lamba. Na ce gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa, ba a dai haƙa ba ne. Na ce na gan shi a ƙofar tela. Ban taɓa jera wa Baba magana mai tsawon haka ba tunda aka haife ni, muryata ma baƙuwa ta zame mini.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da soka basilla, sai dai na lura sau uku yana soka ta a rami ɗaya. Can ya aje takalmin, ya ɗauki guntun bututun, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Na jira ya kore ni, ko ya tashi ya bar mini zauren, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Sai ya aje bututun a hankali, ya juya wajen buzun da ba kowa a kai.

"Yaya, ka ji abin da ɗanka ya ce," in ji shi. "A gaya masa ya sa mana rana. A gaya masa kuma, wannan karon in an ba shi takarda, ya kai wa mai ita ya karanta."

Mu biyu muka zauna muna jiran a gyara zama, a yi gyaran murya, a maimaita saƙon da gishiri a kai. Ba a maimaita ba. Na ce, "Na ji, Baba," kuma a nan ne kukan da na kwana bakwai ina gudu ya cim mini.

Allah Ya ji ƙan Baffa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da unguwar nan, Ya yafe masa shirunsa, ni kuma Ya yafe mini maganata. Na sa ranar, Litinin ce, kuma layin likita ko ya kai bakin titi a cikinsa za a same ni.